Ibn al-Haytham: An ɗauke shi mahaukaci, shi kuwa yana nazarin yadda ido ke ruɗar mutum

Ka taɓa lura wata yakan fito ƙato idan yana gab da rufin gidaje, amma da ya hau tsakiyar sama sai ya koma ɗan mitsitsi? Ɗauki hotonsa da wayarka a lokutan biyu, kusan girma ɗaya za ka gani. Shekara dubu ke nan da Hasan Ibn al-Haytham ya yi bayanin wannan ruɗani. A Basra ta ƙasar Iraƙi aka haife shi, wajen shekarar 965.

Masu tarihi sun ruwaito cewa ya yi iƙirarin zai iya shawo kan ambaliyar kogin Nilu, sai Halifa al-Hakim ya kira shi Masar. Da ya isa yankin Aswan ya ga kogin ido da ido, nan take ya gane aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamanin. Daga Basra abin ya yi kama da mai sauƙi ne kawai. To, al-Hakim fa ba sarkin da ake ba wa haƙuri ba ne, don haka malamin ya yi haukan ƙarya don ya tsira da ransa. Aka tsare shi a gida har ƙarshen mulkin halifan a 1021. Duk wanda ya leƙo a lokacin, taɓaɓɓe zai ce ya gani. Da yau ne, hoto ɗaya ya isa a gama da shi a Facebook.

Littafinsa, Kitab al-Manazir, kashi 7 ne. Kafin shi, masana irin su Batlimus na koyar da cewa haske daga ido yake fita ya taɓa abu. Shi kuwa ya nuna daga abin ne haske ke shigowa ido, kuma da gwaji ya kafa hujja, har da na ɗaki mai duhu mai 'yar ƙaramar huda.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne matsayinsa cewa haske da launi kaɗai ido ke karɓa. Nisa, girma, har gane fuskar abokinka, duk hukunci ne da hankalinka ke yankewa ta hanyar kwatanta abin da ke gabanka da wanda ka saba gani, cikin saurin da ba ka ma sanin ka yanke. Watan nan ma haka ne: idan yana ƙasa, hankali na ɗauka ya fi nisa, sai ya ƙara masa girma. Kashi na uku na littafin kacokan kan irin waɗannan kurakuran gani ne.

Sauran rayuwarsa a Alƙahira ya yi ta, kusa da masallacin Azhar, yana kwafar littattafan lissafi da hannu yana samun na abinci. Ya rasu wajen 1040. Daga baya aka fassara littafin zuwa Latin, malaman Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatunsa. Su suka mayar da sunansa Alhazen, kuma da wannan sunan ake kiran wani rami da ke jikin wata a yau.