Ibnul Haisam, Malamin Haske

'Yan'uwa masu koyon malanta, kowa ya taɓa tsoma sanda a kogin Ngadda ya ga ta yi kamar ta karye. Bari in ba ku labarin malamin da ya bi diddigin wannan.

An haifi Hasan Ibnul Haisam a Basra wajen 965. Ya cika baki zai iya tsare ambaliyar kogin Nilu, sai Halifa Alhakim na Masar ya kirawo shi. Da ya kai wajen Aswan, ya ga ruwa ya fi ƙarfinsa. Halifan nan kuwa ba ya jinkirin sare kai. An ce sai malam ya yi haukan ƙarya, aka kulle shi gida har 1021, shekarar da Halifa ya ɓace.

A kullen nan ya soma Kitabul Manazir, juzu'i 7. Ya nuna haske ne ke shiga ido, ba ido ke fid da shi ba. Ni na fi son juzu'i na bakwai, inda ya auna yadda haske ke karkacewa in ya bar iska ya shiga ruwa ko gilashi. Dalilin karyewar sanda ke nan.

Sai 1611 Kepler, Bajamushe, ya ƙara bayani: hasken da ke neman fita daga gilashi, in ya cika karkata, ba ya fita sam, ciki ya ke komawa. Kawalwalniyar hanyar Bama da bazara danginsa ce.

Ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Bayan kamar shekara 200 mutanen Kanem suka gina wa ɗalibansu masauki a birnin.