Charles Sherrington, Mutumin da Ya Gano Aikin Laka

A ƙasarmu ta Batsari da Safana, tun daga bakin Dajin Rugu har zuwa cikin gari, da wuya ka sami gidan da ba a ajiye dabba ba. Wani yana da karen gadi ko na farauta, wani kyanwa, wani akuya ko jaki. Sau da yawa mota ko babur kan buge kare, a ga yana jan ƙafafunsa na baya, alhali ba jini, ba karaya. Wasu su ce iska ce ta taɓa shi, wasu su yi ta ɗaurin ƙafar da lafiyarta lau. Likitan dabbobi kuwa da hannunsa da ɗan ƙaramin guduma yakan gane inda cutar take. To, 'yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, ga tarihin mutumin da ya aza harsashin wannan ilmi.

Sunansa Charles Scott Sherrington. An haife shi a birnin Landan ran 27 ga Nuwamba, 1857, ya tashi a garin Ipswich, a gidan wani likita mai suna Caleb Rose, gida mai cike da littattafai. Yaro ne mai ƙaramin jiki, amma gwanin ƙwallon ƙafa ne, yana kuma son rubuta waƙa. A 1876 ya fara koyon aikin likita a asibitin St Thomas da ke Landan, daga baya ya wuce jami'ar Kambirij.

Yana ɗalibi, a 1881, aka yi wani babban taron likitocin duniya a Landan, inda gardama ta tashi tsakanin masana biyu. David Ferrier na ganin kowane sashe na ƙwaƙwalwa da aikinsa dabam, Friedrich Goltz na Jamus kuwa bai yarda ba, ya kawo wani kare da ya cire wa wani ɓangaren ƙwaƙwalwa don ya kafa hujja. Aka raba ƙwaƙwalwar karen ga masana su duba, wani ɓari ya faɗa hannun John Langley, malamin Sherrington. Su biyu suka yi aikin, suka buga sakamakonsa a 1884. Daga nan sha'awar jijiyoyi ta kama shi, ba ta sake shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Bai tsaya a gida ba. A 1885 ya tafi ƙasar Sifen don binciken annobar kwalara, ya kuma yi karatu a Jamus wurin Goltz da Robert Koch. A 1891 aka ba shi shugabancin cibiyar Brown a Landan, wadda asibitin dabbobi ce kuma wurin bincike, inda talakawa ke kawo dawakinsu da karnukansu. A 1895 ya zama shehun malami a Libaful, a 1913 kuma ya koma Oksfod, inda ya yi fiye da shekara 20 yana koyarwa.

Mene ne ya gano? Laka, watau farar igiyar nan da ke bi ta cikin ƙashin baya, ba hanya ce kawai ta kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ba. Sherrington ya yi nazarin karnukan da aka yanke wa laka, ya ga cewa in aka ɗan tsikari fatar bayansu kamar cizon ƙuma, sai ƙafar baya ta tashi tana susa, ko da yake saƙon bai isa ƙwaƙwalwa ba. In aka mintsini yatsa, sai ƙafar ta janye. Ashe laka ita ma tana iya karɓar saƙo ta mayar da amsa da kanta. Ya kuma nuna cewa duk lokacin da tsokar da ke lanƙwasa gaɓa ta ɗaure, sai wadda ke miƙe ta ta saki, in ba haka ba babu mai iya tafiya. A 1897 ya raɗa wa mahaɗar da ke tsakanin ƙwayar jijiya da 'yar'uwarta suna sinafs. Shi ne kuma ya bayyana jin nan da ke sa mutum ko dabba ya san inda ƙafarsa take ba tare da ya duba ba. Ya tattara waɗannan a babban littafinsa na 1906.

Yanzu ku dubi yadda likitan dabbobi ke cin moriyar wannan aiki. Da farko yakan bar kare ya yi tafiya, ya lura da ƙafar da ke kasawa. Sa'an nan ya juya tafin ƙafar ya aza bayansa a ƙasa. Lafiyayyen kare nan take zai gyara, wanda saƙo ya yanke masa kuwa sai ya bar ta haka. Daga nan ya ƙwanƙwasa jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya mintsini yatsu. In ƙafafu huɗu duka suka raunana, hankalinsa zai koma wajen wuya ko ƙwaƙwalwa. In na gaba lafiya lau, na baya sun mutu, amma gwiwa na harbawa da ƙarfi in an buga ta, to raunin yana tsakiyar baya, don lakar da ke ƙasa da shi tana nan tana aiki. In kuwa ƙafafun baya sun yi laƙwas, ba sa amsa bugu, raunin yana can wajen ƙugu, inda jijiyoyin ƙafa ke fitowa.

Akwai tarko guda biyu da iliminsa ke tsare likita daga gare su. Na ɗaya, janye ƙafa ba shaida ba ce cewa dabba ta ji zafi, don laka kaɗai na iya yin haka. Sai kare ya waiwayo ko ya yi kuka za a tabbata saƙo ya kai ƙwaƙwalwa, kuma wanda bai ji komai ba, warkewarsa na da wuya. Na biyu, wani lokaci karen da ya ji mummunan rauni a tsakiyar baya ƙafafunsa na gaba kan sandare in yana kwance, har a zaci a wuya cutar take. Wannan alama har yau ana kiranta da sunan Schiff da Sherrington.

Halinsa ma abin koyi ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1915, yana kusa da shekara 60, ya shiga masana'antar harsasai a Birmingham ya yi aiki kamar lebura, don ya ga yadda gajiya ke shafar ma'aikata. Ya shugabanci ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila daga 1920 zuwa 1925. A 1932 aka ba shi kyautar Nobel tare da Edgar Adrian, kuma uku daga cikin almajiransa, John Eccles da Ragnar Granit da Howard Florey, su ma sun sami wannan kyauta daga baya. Ya rasu a Eastbourne ran 4 ga Maris, 1952, yana da shekara 94.

Darasinmu a nan shi ne, dabbar da ta ji rauni a baya kada a ja ta, kada a tilasta mata tsayuwa. A ɗora ta kan allo ko faifan katako, a kai ta wurin ma'aikacin lafiyar dabbobi. Amma karen da halinsa ya sake, yana dalalar da miyau, yana kai cizo ko yana tangaɗi ba tare da an buge shi ba, kada yaro ko babba ya taɓa shi, don yana iya zama haukan kare. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti a ranar. Mu kuma 'yan makaranta, ana koyar da wannan ilmi a sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma ƙasar kiwo irin tamu tana bukatar 'ya'yanta a wannan fanni. Allah ya ba mu himma, amin.