Alan Turing da Tambayar da Na'ura Ba Ta Iya Amsawa

An haifi Alan Turing a birnin Landan ranar 23 ga Yuni, 1912. A 1926, ranar da zai fara makarantar kwana ta Sherborne, ma'aikatan Ingila suna yajin aiki, jirgin ƙasa ba ya tafiya. Yaron ya hau keke ya yi tafiyar kusan mil 60 don kada ya makara. Ɗalibanmu masu ƙara mako guda a kan hutu, sai su lura.

Ya shiga Jami'ar Kambirij a 1931 ya karanta lissafi. A can ne ya ji tambayar da Bajamushen nan David Hilbert ya yi: shin akwai hanya guda, mai bin ƙa'ida daki-daki, wadda za ta yanke hukunci a kan kowace magana ta lissafi? A 1936, yana ɗan shekara 24, aka buga amsarsa. Kwamfuta irin ta yau ba ta wanzu ba tukuna, a takarda ya zana na'urarsa: dogon zare mai gida-gida, da kai mai karanta alama ɗaya, ya goge ko ya rubuta, ya matsa hagu ko dama bisa jerin umarni. Ya kuma nuna cewa na'ura ɗaya tak tana iya kwaikwayon kowace irin wannan na'ura, in dai an ba ta umarninta.

To, ga inda maganar take. In an ba mu jerin umarni, za mu iya sanin ko na'urar za ta gama ta tsaya, ko kuwa za ta yi ta aiki har abada? Ɗalibi mai kaifin kai zai ce, ai sai a kunna ta a gani. Wannan rabin amsa ce. In ta tsaya, mun sani. In ta yi shekara goma ba ta tsaya ba fa? Wataƙila gobe za ta tsaya, wataƙila ba za ta taɓa tsayawa ba, jira kuwa ba ya bambance su.

Ga misali. Tun 1742 Goldbach ya yi hasashen cewa kowace lamba mai rabuwa biyu daidai da ta wuce 2, jimlar lambobi biyu ce waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu: 8 ita ce 3 da 5, 20 ita ce 7 da 13. A umarci na'ura ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya ranar da ta sami wadda ta saɓa. An gwada biliyoyin lambobi ba a samu ba, amma wannan bai tabbatar da cewa babu ba.

Turing ya nuna cewa babu wata dabara ta gaba ɗaya da za ta fid da mu. Ga hujjar yadda ake koyar da ita yanzu. A ce akwai na'ura alƙaliya wadda ba ta kuskure, tana faɗin ko kowane jerin umarni zai tsaya. Sai mu ƙera wata mai taurin kai, ta tambayi alƙaliyar game da ita kanta, sa'an nan ta yi akasin abin da aka faɗa. In an ce za ta tsaya, ta zarce. In an ce za ta zarce, ta tsaya. Ko ta ina alƙaliyar ta yi kuskure, ke nan babu ita. Wannan bai hana a gane makomar wasu umarnai da dama ba. Hanyar da za ta dace da dukansu ce babu. A ganina, hujjar da ta fi wannan gajarta da ƙarfi tana da wuyar samu a lissafi.

A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a Bletchley Park, inda ya taimaka wajen warware saƙonnin asiri na sojan Jamus. A 1952 kotu ta hukunta shi saboda tarayya da wani namiji, abin da dokar Ingila ta haramta a lokacin, aka sa masa magungunan canza sha'awa a madadin kurkuku. Ya mutu ranar 7 ga Yuni, 1954, da guba, yana da shekara 41, masu bincike suka ce shi ya kashe kansa. Sarauniya Elizabeth ta yafe masa a 2013, a 2021 kuma aka sa hotonsa a takardar fam 50.