Alexander Zass

Alexander Ivanovich Zass (1888 zuwa 26 ga Satumba 1962) ɗan wasan nuna ƙarfi ne, ɗan kokawa, kuma mai horar da dabbobi daga daular Rasha. An fi saninsa da laƙabin Samson, sunan gwarzon nan na Bani Isra'ila. Ya shahara wajen lanƙwasa sandunan ƙarfe da tsinka sarƙa da hannu. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara yaɗa horon ƙarfi ta hanyar turawa ko jan abin da ba ya motsi.

Farkon rayuwa

An haife shi a yankin Vilnius, babban birnin ƙasar Lituweniya a yau, lokacin tana ƙarƙashin Rasha. Ya taso a karkara kusa da garin Saransk. Tun yana yaro yake sha'awar majiya ƙarfi irin su Eugen Sandow, amma ba shi da kuɗin sayen kayan motsa jiki, sai ya riƙa ɗaga duwatsu, yana lanƙwasa ɗanyun rassan itace da hannu. Ɗanyen reshe ba ya karyewa nan take, sai mutum ya riƙe shi tamau ya yi ta murɗawa, don haka yatsu da wuyan hannu ne suke shan aikin. Daga rassa ya koma ƙusoshi da siraran ƙarafa. A shekarar 1908 ya fara fitowa wasa a gaban jama'a a birnin Orenburg, cikin ƙungiyar 'yan wasan ban mamaki masu yawo gari-gari.

Yaƙi da zaman kurkuku

A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shiga sojan Rasha, aka ji masa rauni, sojojin Ostiriya suka kama shi. Ya gudu daga hannunsu fiye da sau ɗaya, suna sake kamo shi, har aka kai ga ɗaure shi da sarƙa a ɗaki shi kaɗai. Bisa labarin da ya bayar da kansa, a nan ne ya riƙa jan sarƙar da tura sandunan taga kullum don kada jikinsa ya mutu, sai ya ga ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. A ƙarshe ya tsinke sarƙar, ya buɗa sandunan, ya tsere. Ya ci gaba da wasa a Hangari da wasu ƙasashen Turai.

Salon horonsa

Zass ba ƙato ba ne. Tsawonsa bai kai mita 1.7 ba, nauyinsa kuma bai wuce kilo 80 ba, abin da ya sa 'yan kallo suke ƙara mamaki. Ra'ayinsa shi ne ƙarfi yana cikin jijiyoyin da suka haɗa tsoka da ƙashi, kuma kumburin damtse kaɗai ba ya lanƙwasa ƙarfe. Ya koyar da atisaye da sarƙa mai mariƙi biyu: mutum ya ja ta iya ƙarfinsa na ɗan lokaci, ya sassauta, ya sauya tsawonta, ya sake ja. Ya kuma ƙirƙiro wani ma'auni na gwada ƙarfin wuyan hannu, ya sayar da darussansa ta gidan waya.

Akwai dalilin da ya sa wannan salo ya dace da lanƙwasa ƙarfe. Sandar ƙarfe ba ta motsi da farko. Sai ƙarfin da aka sa mata ya wuce wani mizani kafin ta ba da kai, idan bai kai ba sai ta koma yadda take. Ke nan mai lanƙwasawa yana kashe daƙiƙoƙin farko yana matsa abin da yake tsaye cik, daidai da wanda yake jan sarƙa. Wuyan hannu a nan aikinsa ya tsaya ƙyam, ya isar da ƙarfin ƙirji da kafaɗa da baya zuwa ga ƙarfen. Idan ya karkace, ƙarfin ya zube a hanya. Kayan horo masu sifirin da ake matsawa da tafin hannu, ko sandar da ake naɗe igiya mai nauyi a jikinta, suna gina tsokar hannu ƙwarai, sai dai motsinsu daban yake. An kuma san cewa ƙarfin da aka samu ta matsa abu mara motsi ya fi bayyana a kusurwar da gaɓar take lokacin horon. Wannan ya sa sauya tsawon sarƙar yake da muhimmanci, kuma riƙo da jure zafin tafin hannu sai a jikin ƙarfen ake koyonsu. A shekarar 1953 masana biyu na Jamus, Hettinger da Müller, suka wallafa binciken da ya jawo hankalin masana kimiyya ga irin wannan horo.

A Ingila

Ya isa Ingila a shekarar 1924 ya zauna a can har ƙarshen rayuwarsa. A dandali yakan ɗauki doki a kafaɗa, ya ɗaga bim na ƙarfe da haƙori, ya ɗauki fiyano da mai kaɗa shi a kai, ya kuma cafe mace da aka harbo daga bakin igwa ta wasa. A tsakiyar shekarun 1920 aka buga tarihin rayuwarsa mai suna The Amazing Samson. Da girma ya kama shi, sai ya fi mayar da hankali ga horar da dabbobi.

Mutuwa

Ya mutu ranar 26 ga Satumba 1962, aka binne shi a garin Hockley na yankin Essex, inda ya yi zamansa na ƙarshe. A shekarar 2008 aka kafa mutum-mutuminsa a Orenburg, shekara 100 bayan wasansa na farko a birnin.