Alhassan Ɗantata: marayan Bebeji da ya bi goro har bakin teku, ya dawo ya tara dalar gyaɗa

Yau filinmu na tarihin magabata zai tsallaka iyaka zuwa Kano. Tsofaffin Maraɗi da Damagaram da suka ga zamanin cinikin gujiya, wadda Kanawa ke ce wa gyaɗa, sun san sunan Alhassan Ɗantata. Matasa kuwa galibi Aliko Ɗangote suka sani, ba su san cewa mahaifiyarsa jikar wannan mutumin ba ce.

An haifi Alhassan a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, a gidan Agalawa, fatake masu kai kaya Gwanja su ɗauko goro. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana da wajen shekara takwas. Mahaifiyarsa, ita ma ƴar kasuwa, ta koma Ankara, wato Akra ta ƙasar Gana ta yau, ta bar shi hannun wata dattijuwar baiwar gidan mai suna Tata. Daga nan sunan Ɗantata ya samo asali. Ya yi karatun allo yana ƴan aikace-aikace don ya ci, kuma ana ba da labarin cewa a hannun Tata ya koyi jefa ɗan abin da ya samu a asusu.

Yana saurayi yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano a 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Bebeji ta sha wuta, aka kama Alhassan cikin waɗanda aka kama, sai daga baya ya fanshi kansa. To, kun ji inda mutumin ya faro.

Da ƙura ta lafa sai ya shiga sana'ar iyayensa. A wancan zamani fataucin goro tafiyar watanni ce. Ayari zai tashi da jakuna ƙarƙashin madugu, a biya fito a kowane kogi, a biya sarakunan hanya, ga ƴan fashi. Goro kuma ba ya jure wahala: sai an riƙa buɗe shi ana tsince ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa, in ba haka ba a iso gida da asara. Alhassan ya lura cewa jiragen ruwan Turawa na zirga-zirga tsakanin gaɓar Gana da Ikko, wato Legas. Sai ya fara loda goronsa a jirgi, yana cikin Hausawan farko da suka yi haka. Tafiyar da ke cin watanni ta ragu ƙwarai, goro ya riƙa isowa da ɗanyensa, kuɗi kuma suka riƙa juyawa sau da yawa a shekara. Ya haɗa da cinikin tsakiya da yadin Turawa.

Sai ga jirgin ƙasa ya iso Kano, aka buɗe hanyar a 1912. Turawan mulki auduga suka sa rai za a riƙa lodawa, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma in fari ya zo ana iya cin ta. Kamfanonin Turawa na son gyaɗar don mai da sabulu, sai dai ba su san ƙauyuka ba, manoma ma ba su san su ba. Ɗantata ya riga ya mallaki abin da suka rasa: jari daga goro, da yaran gida da dillalai waɗanda ya gwada amanarsu. A 1918 kamfanin Niger Company ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Zuwa 1922 ana lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa a Kano.

Dabarar da ya bi ita ce ba da kuɗi tun kafin kaka. Yakan danƙa wa wakilansa jari, su shiga ƙauyuka su ba manoma, in amfanin gona ya zo a biya da gyaɗa. Wannan hanya na da haɗari, don in damina ta gaza ko wakili ya ci amana, kuɗi sun tafi. Amma manomin da aka taimaka wa lokacin da rumbu ya ƙare ba ya kai buhunsa wajen wani. Da yawa cikin yaran nasa daga baya sun tsaya da ƙafafunsu sun zama attajirai.

Gyaɗa ta yi yawa har jirgin ƙasa ya kasa kwashe ta a kan lokaci, ɗakunan ajiya kuma suka cika. Sai aka koma jera buhuna a fili, dubbai a kan dubbai, faɗi a ƙasa tsini a sama, yadda za su tsaya ba su zube ba. Wannan ce dalar gyaɗa, kuma ga Ɗantata ake danganta fara ta. A 1929, da bankin Turawa na Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20, a lokacin da yawancin masu kuɗi ke binne nasu a tukunya.

Wannan harka ta shafe mu kai tsaye. Gujiyar Maraɗi da Damagaram ta shekara da shekaru tana bin hanyar Kano zuwa Legas, kuma da yawa daga alhazan Maraɗi da ita suka fara tara jari, kafin farin shekarun 1970 ya karya nomanta.

Alhassan Ɗantata ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta 1955. Kafin rasuwarsa ya tara ƴaƴansa ya yi masu wasiyya da su riƙe zumunci, kada su wargaza kasuwancin. Ƴaƴansa irin su Sanusi da Aminu sun ci gaba da shi, kuma da gyaɗa ta mutu gidan bai mutu da ita ba, ya koma gine-gine da sauran harkoki.

Yau matashi na samun jikka ɗari ko biyu daga ɗan uwa da ke Libiya ko Abijan, ya buɗe tebur, kafin shekara ta zagayo jarin ya shige biki da sabuwar salula. Wanda ya aiko ya yi fushi, zumunci ya yi tsami. Ɗantata ya fara da abin da bai kai haka ba. Ya raba riba da jari, ya canza hanya duk lokacin da zamani ya kawo sabuwa, ya kuma rena mutanen da za su riƙe masa amana tun kafin ya buƙace su. Allah ya jiƙansa da rahama.