Babban Gwani Muhammadu Durugu, Maginin Masallacin Zariya

Duk ɗalibin zanen gine-gine ya san sunayen Turawan da suke cikin littattafan darasi, amma kaɗan ne a cikinmu za su iya faɗin wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya. Sunansa Muhammadu Durugu, wasu kuma suna kiransa Malam Mika'ila. Laƙabin da ya danne sunan shi ne Babban Gwani.

Ya yi zamani a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, lokacin da sababbin sarakuna suke neman masallatai da fadoji. Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, shi ya sa shi aikin masallacin.

Kayan aikinsa ba su wuce abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu ba: tubalin ƙasa da aka cuɗa da ciyawa, sai azara daga itacen giginya, wadda gara ba ta cika yi mata ɓarna ba. Matsalar azara ita ce gajarta. In ka shimfiɗa ta a kan faɗi mai yawa ka ɗora mata ƙasa, lanƙwashewa za ta yi. To yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki jama'ar Juma'a? Dabarar magina ita ce bakan gizo: a dasa azara a jikin ginshiƙi, a ɗaure wata a kanta ta ɗan zarce, wata ta sake zarcewa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, sannan a lulluɓe su da ƙasa. Durugu ba shi ya ƙirƙiro wannan dabara ba, amma shi ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba. Ya jera bakunan suna ratsa juna, ya ɗora tulluwa a kansu, ya yi wa ginshiƙan ado da zane mai kauri.

Abin da ya fi burge ni shi ne sanyin irin wannan gini. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, sai dare ya yi yake sakinsa, rufi mai tsawo kuma yana barin iska mai zafi ta hau sama. Mu a Gafasa, mutum na samun ɗan kuɗi sai ya rushe soron ubansa ya sa bulo da kwano, wai ci gaba. Watan Afrilu na kamawa sai kowa ya kwaso tabarma ya dawo tsakar gida, ɗakin ya koma tanda. Ga shi lokacin ne sanƙarau yake yawo, cunkoso a ɗaki marar iska kuwa yana taimaka masa. Ba wai ginin ƙasa ba shi da wahala ba ne, kullum sai an yi yaɓe kafin damina, an gyara indararo, in ba haka ba ruwa ya cinye shi.

Daga Zariya sunansa ya kai ƙasar Bauchi. Shi ake jingina wa ginin Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda yanzu yake cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya take karewa.

A shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti ya lulluɓe tsohon masallacin Zariya. Wani masani ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, ya auna ginin ya zana shi, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Yau da ake lissafin cewa masana'antar siminti tana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon a duniya, jami'o'in Turai suna ba da digiri na biyu a kan gini mai lafiya da ɗorewa. Wanda yake tunanin zarcewa bayan difloma, ga abin bincike nan a Zariya, tafiyar mota ce daga sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello.

Ƙarshensa dai labarin baka ne ya riƙe shi. An ce Sarkin Birnin Gwari ya kira shi ya gina masa masallaci, da aka gama ya ga kyansa, sai ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Zuriyarsa ta ci gaba da riƙe sarautar magina a Zazzau, kuma har yanzu akwai unguwa a cikin birnin Zariya da ake kira Babban Gwani.