Maria Montessori: Likitar da ta miƙa wa yara ragamar karatunsu

Duk wanda ya zaga unguwannin Kano, Kaduna ko Abuja zai ci karo da allunan makarantun kuɗi masu ɗauke da sunan Montessori. Iyaye da dama sun ɗauka wani tsari ne da aka ƙirƙiro don 'ya'yan masu hannu da shuni. Alhali sunan wata likita ce 'yar Italiya, wadda ta fara aikinta da 'ya'yan leburori, ta kuma ƙare rayuwarta a wata ƙasa bayan ta ɓata da gwamnatin kama-karya.

Haihuwa da karatu

An haifi Maria Montessori a ranar 31 ga Agusta, 1870, a garin Chiaravalle da ke kusa da Ancona. Mahaifinta, Alessandro, ma'aikacin ma'aikatar kuɗi ne. Mahaifiyarta, Renilde Stoppani, mace ce mai yawan karatu, kuma ita ta tsaya mata a duk lokacin da ta zaɓi hanyar da ba a saba ganin mata a kai ba.

Bayan iyalin sun koma Roma, Maria ta shiga makarantar fasaha wadda akasarin ɗalibanta maza ne, da burin zama injiniya. Daga baya ta karkata ga likitanci a Jami'ar Roma. Da yake a lokacin ana ganin bai dace mace ta tsaya gaban gawa tsirara tare da maza ba, sai aka riƙa barin ta ita kaɗai a ɗakin fiɗa bayan kowa ya tashi. Ta kammala a 1896, ta shiga sahun matan farko da suka zama likitoci a Italiya. A wannan shekarar ta wakilci ƙasarta a taron mata na duniya a Berlin, inda ta nemi a daidaita albashin mata da na maza.

Daga asibiti zuwa aji

Aikinta a sashen masu taɓin hankali ne ya kai ta gidajen da ake tsare yara masu rangwamen ƙwaƙwalwa. Ta same su a ɗakuna tsirara, babu abin wasa, babu abin taɓawa, suna tsintar ɓurɓushin burodi a ƙasa bayan an gama cin abinci. Masu kula da su na kiran hakan haɗama. Ita kuwa ta fahimci cewa hannayensu ne ke neman abin yi. Ta duƙufa kan rubuce-rubucen likitocin Faransa biyu, Jean Itard da Édouard Séguin, waɗanda suka koyar da irin waɗannan yara ta hanyar gani da ji da taɓawa.

A 1900 aka naɗa ta cikin shugabannin wata makarantar horar da malaman irin waɗannan yara. Wasu daga cikin ɗalibanta suka ci jarrabawar gwamnati da ake yi wa sauran yara. Ana ta yaba mata, ita kuma abin da ya dame ta daban ne: idan yaran da aka yanke wa ƙauna sun kamo masu lafiya, to me makarantun gwamnati ke yi wa masu lafiyar?

A wannan zamanin ne ta haifi ɗa, Mario, a 1898, da abokin aikinta Giuseppe Montesano, ba tare da aure ba. An ba da yaron riƙo a ƙauye, kuma bai dawo hannunta ba sai da ya fara zama saurayi. Shi ne daga baya ya zama na hannun damanta har ƙarshen rayuwarta.

Gidan Yara

A ranar 6 ga Janairu, 1907, ta buɗe Casa dei Bambini, wato Gidan Yara, a San Lorenzo, unguwar talakawa a Roma. Kamfanin da ya gyara gidajen hayar unguwar ya gaji da ɓarnar da yara ke yi idan iyayensu sun tafi aiki, don haka ya nemi a tara su wuri guda. Yara wajen 50 ne, daga masu shekara uku zuwa shida, duk a ɗaki ɗaya.

Maria ta kawar da manyan bencina, ta sa aka yi ƙananan kujeru da tebura waɗanda yaro zai iya ɗauka da kansa. Aka koya musu shara, wanke hannu, ɓalle maɓalli da raba abinci. Wata rana malama ta manta ba ta kulle kabad ɗin kayan koyo ba. Yaran suka buɗe, kowa ya ɗauki abin da yake so ya zauna aiki. Daga nan aka koma ajiye kayan a kan kantoci gajeru, kowane yaro ya zaɓa. Ta kuma lura da wata yarinya 'yar shekara uku da ta maimaita jera wasu katakai a ramukansu fiye da sau 40, hayaniyar ɗakin ba ta ɗauke mata hankali ba.

Aka daina ba da tukuici, aka daina horo. Kayan koyon an yi su ne yadda yaro zai gane kuskurensa da kansa. Haɗa manya da ƙanana kuwa ya sa ƙaramin yana koyo da kallon babba, babban kuma yana ƙara ƙwarewa wajen nuna wa ƙarami. Malama ta koma mai shirya ɗaki da lura. Da ta yanko haruffa daga takarda mai kaushi don yara su bi da yatsa, sai 'yan shekara huɗu suka fara rubutu, jaridu suka ɗauki labarin.

Littafinta na 1909 ya fito da Ingilishi a 1912, ya yi kasuwa a Amurka. Suka ma ta biyo baya. A 1914 masanin ilimi William Kilpatrick ya rubuta cewa tsarinta ya ginu a kan tsohon tunani, kuma farin jininta ya dusashe a Amurka tsawon shekaru.

Zama da Mussolini

Nan ne tarihinta ya fi jawo muhawara. A 1924 ta gana da Benito Mussolini, gwamnatinsa ta rungumi makarantunta, shi kansa ya zama shugaban girmamawa na ƙungiyarta a Italiya. Ita tana neman gwamnatin da za ta yaɗa tsarinta, shi kuma yana neman sunanta da yara masu ladabi. An shafe kusan shekara 10 ana wannan tafiya, kuma zama da maɗaukin kanwa ya bar mata farin kan da masana tarihi ke nunawa har yau.

Tafiyar ba ta ɗore ba, domin mulkin da ke son biyayya ido rufe ba zai jure wa ajin da yaro ke zaɓar aikinsa ba. Ta ajiye muƙaminta a 1933, ta bar Italiya a 1934, aka dakatar da ayyukanta a 1936. 'Yan Nazi ma sun rufe makarantunta a Jamus. Yaƙin basasar Sifaniya ya kore ta daga Barcelona a 1936, ta koma Holan.

A 1939 ta tafi Indiya horar da malamai. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, Turawan Ingila suka tsare Mario, suka taƙaita mata zirga-zirga, kana suka sako shi albarkacin cikarta shekara 70. Ba ta koma Turai ba sai 1946. An gabatar da sunanta don lambar Nobel ta zaman lafiya a 1949, 1950 da 1951. Ta rasu a Noordwijk ta ƙasar Holan a ranar 6 ga Mayu, 1952, tana da shekara 81.

Sunanta ya zama na kowa, duk mai so yana iya rataya shi a ƙofar makarantarsa. Uban da zai biya kuɗi yana da hanyar tantancewa: ya leƙa ajin, ya ga ko yara masu shekaru daban-daban suna tare, ko kayan koyo na inda hannunsu zai kai, ko kuwa suna jere ne suna amsa wa malama hadda. Masu tsara manufofin ilimi kuma su tuna cewa ajin farko na wannan tsari an buɗe shi ne don 'ya'yan 'yan haya, waɗanda iyayensu da yawa ba su iya karatu ba.